Rakiyar Mai Malfa Zuwa Kumasi

Tun da muka dawo daga Kumasi ban auna buhun riɗi ɗaya cikin natsuwa ba. Da na buɗe shago sai wani ya jawo benci ya zauna, ya ce, "Alhaji Tanko, yaya Gana?" In na ce lafiya lau, ya ce ba wannan yake tambaya ba. Na maimaita labarin har ya fara canza kama a bakina, shekaranjiya ma na ji kaina ina ƙara wa wata gada tsawo. Shi ya sa na ce gara in rubuta shi sau ɗaya, kowa ya tambaya in miƙa masa, in koma kan sikelina.

Saboda yaran da ba su riski zamanin faifai ba, sai na fara da Mai Malfa. Shekaru da dama da suka wuce, lokacin ƙuruciya na ɗibata, na ga finafinan Turawa na jarumai masu shawagi a sama, na ce mu ma Lafia ba za a bar mu a baya ba. Na tsara labari, na ɗauko mai kyamara, muka yi fim uku a kan wani jarumi manomi. Rigarsa ta gona ce, makaminsa garma, fuskarsa a rufe da ƙyallen buhu a ƙarƙashin wata faffaɗar malfa. Ba ya magana. Ya ɗaga motar doya da ta kafe a hanyar Obi da hannu ɗaya, ya tsallake kogi ya kamo ɓarayin awaki. Tsallaken nan igiya muka rataya a reshen mangwaro, ƙarti huɗu suna ja, in ka lura da kyau za ka ga igiyar. Duk da haka yara suka haukace a kansa, har aka rasa malfa a kasuwa.

Wanda ke cikin rigar ba zan faɗi sunansa ba, kuma ba a taɓa rubuta shi a ƙarshen fim ba. Zan dai ce ina da amini, Yohanna, manomin doya a Agyaragu kuma dattijon coci, wanda duk ranar da ake ɗaukar Mai Malfa ba a ganinsa a gona. Shi ya kafa sharaɗin tun farko. A wajen mutanen mahaifinsa, wanda ya shiga rigar dodo ba a kiran sunansa, ko uwarsa ta gane shi sai ta kau da kai. Yohanna ya ce bautar ya bar ta tuntuni, amma ladabin bai bari ba. Duk Lafia an san zancen, kuma duk Lafia ba wanda ya taɓa furta shi. Matarsa, Mama Rahila, ita ke ajiye kayan a wata jaka, duk bayan damina ta fito da malfar ta shanya. Sunan da take kiran su shi ne kayan baƙo.

Ana nan, faifai ya daina ciniki, mai kyamararmu ya koma Abuja, Mai Malfa ya kwanta. Sai bana wani saurayi ya kira ni daga Kumasi, sunansa Razak. Ya ce mahaifinsa direban babbar mota ne, shi ya kai masa faifanmu yana ƙarami, ya kalla har ya kakkarce. Yanzu shi ma fim yake yi, ya samu masu zuba jari, yana so ya tayar da Mai Malfa daga tushe: sabon jarumi, sababbin kaya, finafinai a jere. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Amma ya ƙara da cewa a farkon sabon fim suna so tsohon jarumin ya cire malfa, duniya ta ga fuskarsa, ya miƙa wa yaro, shi ma yaron ya riƙa yawo fuska a buɗe.

Na hau mashin na tafi Agyaragu. Yohanna ya saurare ni yana feƙe sandar doya.

"Alhaji," ya ce, "in sun cire hulan nan, ba shi ba ne kuma. Su ba shi wani suna, su yi fim nasu, no wahala."

Ni kuwa ina son fim ɗin nan ya tashi kamar me, amma na riga na yi alkawari ba zan ba da izini ba sai da yardarsa. Na ce zuwa da kai ya fi saƙo, ya raka ni mu ji da kunnenmu. Ya ce zai je a matsayin abokin tafiya, don bai taɓa ganin teku ba. Mama Rahila ta fito da jakar, irin mai layi-layin nan da muke kira Gana-mos-go. Na ce mata a duk jakunkunan duniya wannan za mu shiga Gana da ita? Ta ce baƙo ya saba da ita.

Daga Lafia muka bi Akwanga da Keffi, muka canza mota a Abuja. Har Lokoja Yohanna bai kalli komai ba sai gonakin mutane. In ya ga kunyar doya ta yi ƙanana ya yi tsaki, in ya ga mai kyau ya taɓa ni in duba, ni da ban san bambanci ba. A Lokoja na sayi soyayyen kifi, ƙaya ta tsaya mini a wuya, Yohanna ya sa na haɗiye lomar rogo ba tauna, ta wuce. A Legas muka sauka wajen wani ɗan ƙanen mahaifina a Agege. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, amma da ya ji abin da ya fito da mu ya yi ta kallona, ya ce shi ya ɗauka goro za mu saro.

A motar Gana muka haɗu da Hajiya Lami, 'yar kasuwa mai kai atamfa ta dawo da goro, wadda ta bi hanyar nan har ta san inda kowane rami yake. Ita ta duba mana katin allurar riga-kafi, ta nuna mana wanda za mu canza kuɗi a hannunsa. Tana jin Faransanci, tana jin Yarbanci, kuma ba ta rufe baki tun daga Legas.

A iyakar shiga Benin aka ce kowa ya buɗe kayansa. Wani jami'i mai fara'a ya zuge jakarmu, ya ɗago malfa, ya ɗago ƙyallen fuska mai ramukan ido biyu, ya ɗago kan garma. Fara'ar ta ragu. Ya yi tambaya, Hajiya ta fassara: na wane ne? Na ce na Mai Malfa ne. Ya ce ina Mai Malfar, ya matso. Na kalli Yohanna, Yohanna ya kalli rufin kwano.

"Dattijo," na ce masa ƙasa-ƙasa, "kalma ɗaya ce fa, mu wuce."

"Ni ban san mai kayan ba," ya ce. "Baƙo ne ya ajiye a gida na."

Aka nuna mana benci. Mutumin yana da gaskiyarsa, ko ni aka kawo mini ƙyallen rufe fuska da ƙarfe, aka ce ba mai su, ba zan ce a wuce ba. Direba ya fara hura hanci, fasinjoji suna harararmu, rana tana yi. Hajiya Lami ta zo ta tsaya a kanmu ta ce in gaya mata gaskiya tsakanina da Allah. Na gaya mata a taƙaice. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta koma wajen jami'in ta ce masa kayan dodo ne, kuma a garinsu ba a faɗin mai sawa. Mutumin nan ya saki malfar kamar ya taɓa garwashi. Ya mayar da komai da hannu biyu, ya zuge jakar da kansa, ya ce wa Hajiya ta juya baya, mace ba ta kallo. Ashe su ma can dodanni suna da daraja, sun fi mu ma. Har mota ya rako mu yana ba Yohanna haƙuri. Sai da muka yi nisa Yohanna ya ce, "Abeg, Hajiya, ba dodo ba ne fa, fim ne. Kar labarin nan ya kai coci." To, ga shi na rubuta, sai dai fasto ya yi haƙuri.

Kwatano garin babura ne, 'yan acaɓarsu duk da riga ruwan ɗorawa, ga fetur a manyan kwalabe a bakin titi. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa mai tauri, na ci rabi dasashina ya yi tsami. A nan Yohanna ya ga teku. Ya daɗe yana kallo ta taga, ya ce duk wannan ruwa kuma ba a noman rani da shi. Togo kuwa ba zan yi muku ƙarya ba, ban gan ta ba. An buga mana hatimi na ɗan gyangyaɗa, Hajiya ta tashe ni ta ce in fito da fasfo, mun iso Gana.

Razak ya tarye mu a tashar Kumasi, siririn yaro mai tabarau. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya gaishe da Yohanna, na ce masa wannan abokin tafiyata ne. Ya tambaya ko tsohon jarumin yana tafe a baya. Na ce bai samu zuwa ba, amma ya aiko da kayansa. Razak ya bi Yohanna da kallo lokacin da yake tafiya wajen mota.

Ya sauke mu a gidan mahaifiyarsa a zango, unguwar Hausawa ke nan. Hausarsu irin ta Lafia ce, mace ma "ya zo" ake ce mata. Yohanna ya ji daɗi ƙwarai, ya ce shekara da shekaru ina yi masa gyara, ashe tasa ce ta ƙetare iyaka. Da safe aka kawo koko mai yaji har yana tsatsa maƙogwaro, da ƙosai. Da rana shinkafa da wake, an dafa ta yi ja, an ɗora taliya da garin rogo da ƙwai duk a ganye ɗaya, kamar mai abincin tana kwashe kicin za ta yi ƙaura. Na yi ta tsokana, na kuma cinye tas. Sakwararsu ta rogo da ayaba ce, tana iyo a cikin miya, kuma ba a taunawa. Yohanna ya ci ya yi godiya, da muka koma ɗaki ya ce mutanen kirki ne, amma a kai musu doyar Agyaragu su ga abin da suke rasawa.

Ranar Asabar muka ga taro an kafa rumfuna, kowa da baƙi da ja, ana kiɗa ana rawa, ga hoton wata tsohuwa ƙato a bakin titi. Na ce wa Razak Allah ya sanya alheri, bikin wa ake? Ya ce jana'iza ce, kuma tsohuwar ta yi watanni da rasuwa. Mu da muke kai mamaci kafin rana ta faɗi, abin ya ɗaure mini kai. Sun kuma koya mana cewa in ka shiga taro daga dama ake fara miƙa hannu. Ni na fara daga wanda ya fi kowa tumbi, ashe direba ne.

Ofishin Razak ɗaki biyu ne a saman wani shago, cike da kwamfutoci. A nan muka haɗu da Madam Akosuwa, wadda jarin ke hannunta, da Mubarak, saurayin da zai zama sabon Mai Malfa, ƙirjinsa kamar ƙofa. Yohanna ya samu kujera a lungu ya rungume jaka.

Bango guda an cika shi da zane. Fim na farko asalin jarumi. Na biyu abokin gabansa. Daga nan wata jaruma mai tulu za ta samu nata fim, wani maƙeri ya samu nasa, a na shida duk su haɗu su yaƙi wani abu da zai faɗo daga sama. Na ce, "Razak, ɗana, wannan ai ɗinka wa jika riga ne tun ba a yi wa uban aure ba. In na farkon bai shiga ran mutane ba, wa zai jira na shida?" Na ce mu fim ɗaya muka yi, yara suka hana mu barci, sannan muka yi na biyu. Suka nuna mana sababbin kayan a kwamfuta, baƙar roba mai sheƙi. Na tambaya ko wanda ya zana ya taɓa tsayawa a gona da tsakar rana. A labarin kuma an kashe wa jarumin uba da uwa, an ƙone garinsu, ba ya taimakon kowa sai ramuwa. Na ce namu ba wanda ya kashe masa kowa, mota ya gani ta kafe ya ɗaga.

Sun saurare ni da ladabi, kuma ba duka na ci ba. Razak ya nuna mini yadda yanzu jarumi zai tsallake kogi ba igiya ba mangwaro, na ga abin har na tafa. Ya yarda a ajiye zancen na shida sai an ga na farko, a bar iyayen jarumi da ransu. Ni ma na yarda da mai tulu, don ta burge ni. Da aka zo kan malfa sai magana ta tsaya. Madam Akosuwa ta yi bayani da Turanci, Razak na fassarawa. Ta ce fuska ake saye, fuska ake mannawa a bango, ba za ta zuba dukiyarta a kan buhu mai ramuka biyu ba. Ban ga laifinta ba, ni ma ba na sayen riɗi sai na buɗe buhu. Na ji zuciyata ta karaya, don na ga abin da na zo nema yana shirin kuɓuce mini.

Sai Mubarak ya yi magana, murya a sanyaye. Ya ce shekarunsa nawa yana fitowa a bayan wasu, wannan ne karon farko da aka ba shi gaba. "Alhaji, in an rufe fuska na, yaya mama na zai san ni ne?"

Daga lungu Yohanna ya gyara murya.

"Yaro na, ni manomi ne, ban san fim ba. Amma na ji labarin mutumin da ya sa kayan nan. Ranar da aka fara nuna fim a Agyaragu, mata nashi yana zaune a baya. Da jarumi ya fito, ya kalli ƙafa kawai, ya tashi ya tafi gida ya yanka kaza. Bai ce komai ba har yau. Mama naka zai sani." Ya ɗan tsaya. "Kuma yaran gari, kowane ɗaya yana cewa wataƙila baba na ne a ciki. In ka cire hula, ya zama baban mutum ɗaya."

Razak bai fassara wa Madam nan take ba, ya cire tabarau yana gogewa. Da ya fassara, ta ce za ta yi tunani. Haka aka tashi, ba a ce e ba, ba a ce a'a ba, ni kuma ban sa hannu a komai ba.

Ranar komawa Razak da Mubarak suka kai mu tasha. Razak ya ce mini ya kwana yana lallashin Madam da wata dabara: Mubarak zai fito fuska a buɗe a matsayin mai facin taya, wanda kullum yake isowa wurin bayan jarumi ya tafi, fim kuma ba zai taɓa cewa komai ba. Ta samu fuskar da za ta manna a bango, malfa kuma ta zauna inda take. Ya ce ba ta gama yarda ba, amma ta daina cewa a'a. Sannan ya juya ya durƙusa gaban Yohanna, har gwiwarsa na taɓa ƙasa.

"Baba," ya ce, "in ka koma Lafia, in Allah ya sa ka ga Mai Malfa, ka gaishe shi. Ka ce wani yaro a Kumasi ya san tafiyan shi tun yana ƙarami, ko a cikin dubu. Ka ce yaron ya gode."

Yohanna ya dafa kansa. "In na gan shi zan faɗa mishi."

Sai da muka kusa Ankara, babban birnin Gana, na duba ƙarƙashin kujera, na duba sama, ban ga jakar ba. Na ce, "Dattijo, mun bar kayan a ɗaki." Ya ce wane kaya, shi bai zo da kaya ba. Daga baya ya gaya mini, yana kallon taga, cewa a garinsu ba a miƙa rigar hannu da hannu. Ajiye ta ake yi inda wanda ya dace zai tsinta. A iyakar Benin muka tarar da jami'in nan, ya gane mu, ya sara wa Yohanna.

Mun iso Lafia lafiya, ban da ƙafafuna da suka kumbura. Ko fim zai fito bana ko baɗi ban sani ba, na shida kuwa sai wanda ya gani. Izini dai na aika, da yardar wanda ya kamata. Raina fari ƙal, na ga teku, na ci abincin mutane, na kuma ga abin da muka yi da igiya da reshen mangwaro ya je inda ban taɓa zato ba.

Kafin in wuce gida na sauke Yohanna a Agyaragu. Mama Rahila ta fito tana yi mana sannu da hanya, ta kalli hannun mijinta, ta kalli nawa.

"Alhaji, ina kayan baƙo?"

Yohanna ne ya amsa. "Baƙo ya samu gida a can."

Ta kalli igiyar shanya. Sannan ta ce, "To, ka kira yaran nan ka faɗa musu, bayan damina su fitar da hulan a rana. In ba haka ba yana yin wari."